Ɗana, Auna Ƙarfen Kafin Ka Saurari Labarin

Ɗana, na ji an ce sha'awar tara tsofaffin kuɗi ta kama ka, har ka samu gwangwani ka fara zuba anini da ɗari da sisi. Madalla. Ban ga aibinta ba, ta fi zaman majalisa ana cin naman mutane, kuma wanda ya san taro da sule da fataka ya san wani gefe na rayuwar kakanninsa da malamin tarihi ba ya kaiwa gare shi a aji. Amma tunda ka sa ƙafa, zauna in nuna maka inda ramin yake. A wannan harka da wuya ƙarfe ya cuci mutum shi kaɗai. Labari ne ke cutarwa. Kafin a danƙa maka jabu a hannu, sai an fara saye kunnenka.

Ga yadda abin yake zuwa. Kana Argungu lokacin bikin su, gari ya cika ya batse, baƙi na ta neman tsaraba. Ko kana ratsa layin 'yan koli a babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko ka faɗa Jega ranar kasuwa. Sai wani ya matso, ya ja ka gefe, ya kwance ƙullin tsumma a hankali, ya sassauta murya: "Alhaji, wanga kuɗin Kanta na. Cikin tukunya anka ishe shi, wajen Surame. Don kai na, ban gwada ma kowa ba." Ka duba, ga ƙarfe ya yi baƙi, ga huji a tsakiya, ga tauraro mai tsini shida, ga kuma rubutun Larabci. Yawunka ya tsinke. To a nan nake so ka tuna da ni.

Kanta bai buga kuɗi ba. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi wajen shekarar 1515, ya gina Surame da ganuwarta ta dutse, ya gagari Songhai, ya gagari Barno, amma bai bar ƙwandala ko guda mai sunansa ba. Sarakunan Kabi da suka biyo bayansa ma haka, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu ma haka. Kafin zuwan Turawa ciniki a ƙasar nan da wuri ake yi, da tufa, da zinarin da ake aunawa da miskali, sai kuma azurfar da fatake ke shigowa da ita daga waje. Saboda haka duk wanda ya ce maka ga kuɗin Kanta ko kuɗin Shehu, ya gama gaya maka ko shi wane ne: ko bai sani ba, ko ya sani yana so kai kada ka sani. Abin da ke cikin tsummansa kwabon Turawa ne. A 1907 aka fara buga irinsa a Ingila domin ƙasar nan, aka huda tsakiyarsa don a iya tsirawa a igiya yadda aka saba yi da wuri, aka sa masa Larabci don shi ne rubutun da mutanen Arewa ke karantawa. Rubutun ba addu'a ba ne, ba hatimin wani waliyyi ba ne, darajar kuɗin kawai yake faɗa, na anini ma cewa yake ushurin kwabo. Dube shi gaba da baya ka goge ƙurar da yatsa, za ka ga sunan sarkin Ingila da shekara a rubuce da boko. Kwabon na gaske ne, labarin ne jabu, kuma farashin labarin ake nema a wurinka.

Akwai ɗan'uwan wannan ruɗu da ya fi shi kama masu ilmi. Wani lokaci za a kawo maka wani kakkauran jan ƙarfe mai kaushi, shi ma da tauraro mai tsini shida, a bayansa an rubuta 1288 da lambobin boko. Mai shi zai ce lissafa da kanka, ya haura shekara 700. Fulus ne na Maroko, kuma shekarar ta Hijira ce, don mutanen Magrib da irin waɗannan lambobi suke rubutu. In kana son ka gane, cire uku daga kowane ɗari, sannan ka ƙara 622. Sai 1288 ta koma wajen 1871. Haka za ka yi da riyalin azurfa na Saudiyya mai 1354, wanda alhazai suka riƙa dawowa da shi, ka ga 1935 ke nan. Kuɗin Turkawa da na Masar kuwa sukan ɗauki shekarar da sarki ya hau gado, kamar 1293 ta Sultan Abdulhamid na Biyu, sannan a wani gefe a sa ƙaramar lamba mai nuna shekara ta nawa ke nan yana mulki. Wanda bai san wannan ba zai yi rantsuwa a kan kuskure, zuciyarsa fes.

Yanzu bari mu zo kan liyari, don a kansa aka fi yi wa mutanenmu sakiyar da ba ruwa. Ka san shi: babbar azurfa mai hoton wata mace mai jiki da lulluɓi, bayanta mikiya mai kai biyu, wadda tsofaffin mata ke ratayawa a wuya, Fulani da Zabarmawa kuma su jera a kitso. Matar Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780. Kuɗinta ya samu karɓuwa daga Yaman zuwa Habasha, daga Tarabulus zuwa Kano, har ya zama fatake ba sa yarda da wani sai shi. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya tarar a Kano ta 1851 ana canjin irin wannan azurfa a kan wuri 2,500. Da masu bugawa suka ga kasuwa ba ta son canji, sai suka daskarar da shekarar. Tun daga rasuwarta har yau, duk liyarin da aka buga 1780 ake rubuta masa. An buga a Viyana, an buga a Roma, da Landan, da Faris, da Bambai ta Indiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sama da miliyan 300, kuma Ostiriya ba ta daina ba. Don haka in an nuna maka 1780 ana zaro ido, kai kada ka zaro. Mai yiwuwa kakarka ta girme shi.

Wannan bai mai da shi jabu ba. Liyari na ƙwarai azurfa ne, kuma darajarsa a azurfar take. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗigo, faɗinsa wajen milimita 40, cikin kashi 1,000 kashi 833 azurfa ne, wato azurfa tsantsa giram 23.4. Ka tambayi maƙeran farfaru nawa giram yake a ranar, ka ninka, ka ɗora ɗan abin da ba a rasa ba saboda kyawunsa. In an haura wannan da nisa, kuɗin tatsuniya kake biya. In kuma an faɗo ƙasa da shi da nisa, nan ma ka ja da baya, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba wanda zai ba ka azurfa ƙasa da abin da maƙeri zai ba shi nan take ya narke.

To yaya za ka bambance na ƙwarai da na banza? Fara da sanin yadda aka yi kowanne. Kuɗin gwamnati bugu ne. Ana yanka ƙarfe da'ira, a sa shi tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe, injin ya danne da ƙarfin da ba hannun da zai iya. Shi ya sa haruffansa ke tashi da kaifi, filinsa ya kwanta sumul. Mai jabu na gargajiya ba shi da wannan inji, zubi yake yi. Ya danna kuɗin gaske a yumɓu ko toka mai laushi ya fitar da siffa, ya narka darma da kuza ko tagulla ya zuba. Zubi kuwa ba ya ɓoye kansa ga mai haƙuri. Ka sa gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, ka fita hasken rana. Za ka ga ƙananan ramuka a fili kamar idon waina, inda iska ta maƙale lokacin da ƙarfen ke sanyi. Za ka ga haruffa sun kumbura, bakinsu ya dakushe, gashin kan sarki ya haɗe ya zama curi. Kada ka rikita wannan da cinyewar tsufa. Kuɗin da ya sha hannu, wuraren da suka fi tudu ne ke fara shafewa, kunci da kafaɗa da saman kambi, amma lungunan haruffa na nan da kaifinsu. Na zubi ko'ina a dakushe yake, har inda yatsa ba ya kaiwa. Fulus ɗin Maroko da na ambata shi ne ya fita daban, don shi asalinsa ma zubi ne. Kaushinsa ba laifi ba ne.

Sannan ka dubi baki, wato gefen da ke kewaye. Yawancin masu saye fuska da baya suke kallo, mai jabu kuma ya san haka, shi ya sa a baki yake yin ha'inci. A na zubi za ka ga siririn layi ya zagaye inda ɓari biyu na yumɓun suka haɗu, ko ka ga sawun magagari inda aka goge layin da bakin mazubi. Liyari na gaske akwai rubutu mai tudu a bakinsa da 'yan ado a tsakani, an yi shi ne tun asali don kada a kankare azurfar. In ka ga bakin liyari sumul, ko rubutun ya narke ba ya karantuwa alhali fuskar sabuwa ce, mayar masa da abinsa.

Bayan ido sai kunne. Ɗora shi a kan ɗan yatsa, ka ƙwanƙwasa a hankali da wani kuɗin. Azurfar bugu tana da amo siriri mai ja, sai ka ji yana tafiya kafin ya mutu. Darma "ɗif" take yi ta yi shiru. Tsofaffin 'yan kasuwa da wannan suka rayu, a jefa sule kan dutse a saurara. Kai dai kada ka jefa naka a siminti, kowane tabo ragi ne. Kuma ka sani amo shaida ce, ba hukunci ba: azurfar gaske mai tsaga a ciki takan yi shiru, tagulla mai kyau kuma takan yi ƙara.

Sikeli shi ne babban alƙali, kuma ina mamakin mutumin da zai kashe dubbai a kan ƙwandala ya kasa sayen ɗan sikelin masu gwal, wanda ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Sulen azurfa na zamanin Turawa giram 5.65 ne, fataka 11.3, dalar azurfa ta Faransa mai faran 5, wadda ke ƙetarowa ta wajen Dosso da Gaya zuwa Kamba, giram 25. Tsufa kan ci ɗan kaɗan, amma ba ya cin giram biyu a liyarin da hotonsa ke nan raɗau. Mai jabu kullum yana cikin tsaka mai wuya: tagulla da kuza sun fi azurfa sauƙi, in ya daidaita girma nauyi ya gaza, in ya cika nauyi sai kauri ya ƙaru. Saboda haka ka ajiye guda ɗaya da ka tabbatar da shi, duk wanda aka kawo ka jera su gefe da gefe ka dubi kauri.

In kana son ka ƙure magana, ga gwajin ruwa. Auna kuɗin ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ɗaure kuɗin da zare ka nutsar da shi, yana reto, bai taɓa gindi ko gefe ba, ka karanta abin da sikeli ya nuna. Raba nauyin farko da wannan. Liyari zai ba ka wajen 10.2, farin ƙarfe na jan gaci da nikel wajen 8.9, tagulla wajen 8.5, zinari mai karat 22 kuwa sama da 17. Darma tana iya kusantar lissafin azurfa, amma ita kunne ya riga ya kama ta, ga ta da laushi, ga duhun launi. Maganaɗisu ma ka riƙe shi a aljihu, musamman saboda sababbin jabun da ake bugawa da inji a ƙasashen waje ana sayarwa da araha ta intanet, wasunsu baƙin ƙarfe ne aka shafe. In ya manne, magana ta ƙare. In bai manne ba, ba a ce komai ba tukuna, don tagulla ma ba ta mannewa. Ba gwaji ɗaya da ke wadatarwa. Ido, baki, kunne, sikeli, sai sun yi ittifaƙi. Ruwan asid da dutsen gwaji kuwa ka bar wa maƙeri, shi narkewa zai yi. Kai in ka ɗiga wa kuɗin tarihi asid ka tabbatar da shi ka kuma kashe shi a lokaci guda.

Jabu tsantsa ma ya fi sauƙin kamawa a kan kuɗin gaske da aka yi wa kwaskwarima. A nan sikeli ba zai cece ka ba, sai sanin tarihi. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913, sule da fataka da hoton bishiyar kwakwar manja. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, mutane suka riƙa binnewa da narkewa, sai a 1920 aka koma wa gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. To ka riƙe wannan shekara da kyau. In aka kawo maka sule mai kwakwa fari tas, shekararsa 1926 ko 1947, aka ce azurfa ce, shafe aka yi. Dubi kuncin sarki da bakin haruffa, za ka ga rawaya na leƙowa. Sulen Tarayyar Najeriya na 1959 shi fari ne tun asali, haka fataka mai gyaɗa da sisi mai koko, amma babu ƙwayar azurfa a cikinsu. Anini na 1907 kuwa alminiyam ne, ba shi da nauyi ko kaɗan. Da aka ga yana lalacewa a yanayinmu sai a 1908 aka koma farin ƙarfe. In ka ji anini mai 1907 da nauyi a hannu, tambaya ta taso.

Masu wayo kan sassaƙe lamba ɗaya a shekara su mayar da ita wata da ake nema, ko su liƙa ɗan harafi. Ka san akwai ƙaramin harafi da ke nuna gidan da ya buga: H da KN na wasu kamfanoni biyu ne a Bamingam, SA na Firitoriya, wanda ba shi da harafi kuma na gidan kuɗin sarki ne a Landan. Wani lokaci harafi ɗaya ke raba abin banza da abin nema, shi ya sa ake ƙarawa ko a kankare. Sa gilashi a wurin. Lambar da aka taɓa takan bambanta da 'yan'uwanta a tsayi ko kauri, filin da ke kewaye da ita ya ɗan lotsa, ko ka ga ƙananan karce, ko launin wurin ya saɓa. Sannan ka haɗa shekara da sarki: Edwad na Bakwai ya rasu 1910, Joji na Biyar 1910 zuwa 1936, Joji na Shida daga ƙarshen 1936 zuwa 1952, sai Elizabet. Bayan Indiya ta samu 'yanci a 1947 an cire laƙabin sarautar Indiya daga jikin kuɗin, daga 1949 ba za ka ƙara ganin IND IMP ba. In shekara ta ce abu ɗaya laƙabi ya ce wani, kada ka yi saurin murna wai ka tsinci kuskuren inji. Irin wannan kuskure yakan faru, amma hannun mutum ya fi yawa.

Edwad na Takwas fa, shi ne jarin dillalai. Ya hau a Janairun 1936, ya sauka a Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura, kuma gaskiya ne a Ingila ba a saki kuɗi mai hotonsa ba, 'yan gwajin da suka tsira dukiya ne. Sai dillali ya ɗauki wannan gaskiya ya jingina ta da kwabon da ke hannunsa. Amma namu mai huji ba ya buƙatar hoto, suna kawai ake sawa, don haka an buga anini da ɗari da kwabo masu sunansa miliyoyi. Ka saya, abin sha'awa ne a gwangwaninka, amma a farashin kwabo.

Wata kwaskwarimar ta gida ce, ba ma da mugun nufi aka fara ta ba. Liyari da fataka da yawa sun yi shekaru a wuyan mata, an huda su ko an liƙa musu kunne. Da masu tarawa suka fara nema, sai ake cire kunnen a goge, ko a cike hujin da azurfa a sake zana wurin. Dubi saman kan hoton, daidai inda za a rataya. In rubutun baki ya yanke a nan, ko wurin ya fi sauran santsi, ko akwai duhun wuta, an taɓa shi. Ni a ganina wanda aka bari da kunnensa ya fi wanda aka yi wa gyaran fuska, don shi aƙalla yana faɗin inda ya kwana. Sai dai kowanne ka saya a matsayin abin da yake.

Zinari kuwa, nan ne kuskure ke da tsada, ga shi yanzu sisin gwal ya shiga sadaki da kayan lefe. Fam ɗin zinari na Ingila, mai mahayin doki yana sukar dodo, giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22, karat 22. An yi jabunsa da yawa a Gabas ta Tsakiya cikin ƙarnin da ya wuce, wasu da zinarin gaske amma mai rauni, kuma har yau maƙeran ƙasashen Larabawa na yin kwaikwayonsa don ado, wasu su buga 21 a jiki don kada a ce sun ɓoye. Na Joji na Biyar an daina bugawa a 1932. In ka ga 1934 da kansa a jiki, ba daga gidan sarki ya fito ba. Kada ka sayi zinari da dare, kada ka saya a mota, kada ka saya wurin mai sauri. Ku tafi tare wurin mai gwal da ka sani, a auna a gabanka, ka biya hannu da hannu yadda shari'a ta tsara. Mai kayan ƙwarai ba ya gudun sikeli. In ka ce mu je a auna ya tuna yana da jana'iza, ka yi masa ta'aziyya ka wuce.

Game da baƙin tsufa, kada ya burge ka. Kwana kaɗan a cikin farar wuta ko dafaffen ƙwai, ko a binne a ƙasar turke, sabon ƙarfe zai fito kamar ya ga jihadi. Baƙin gaske a hankali yake zama, ya fi duhu a lungunan haruffa, ya yi haske inda hannu ke taɓawa, kuma ba ya bin yatsa in ka murza. Kai ma kuma kada ka zama mai ɓarna da hannunka. Na san halin gida: da an ga azurfa ta yi duhu sai toka da lemun tsami da tsamiya. Wannan na munduwa ne. Tsohon kuɗi in ka dirje shi ya yi ƙyalli, ka kankare rabin darajarsa, masana kuma kallo ɗaya za su yi masa su gane. Ruwa da ɗan sabulu, ka shanya a tsumma mai laushi, ya isa. Ka riƙe shi ta baki, ka raba kowanne da takardarsa, ka nisanta shi da danshin damina, wanda mu mutanen fadama mun san aikinsa.

Wata damfarar kuma ta juyo ne, kai ne mai kaya. Za a kira ka a waya ko a aiko maka saƙo a ce kwabonka mai huji akwai jan zaiba a cikinsa, wani Bature na saye miliyoyi, turo kuɗin rajista da na gwaji. Babu wani abu wai shi jan zaiba mai wannan siffa, a kwabo ko a tsohon keken ɗinki ko dutsen guga. Kwabon gaurayen jan gaci ne kawai, sai kwaɗayi, wanda aka ce mabuɗin wahala. Mai saye na gaske shi ke biya, ba a biyansa.

In wani ya ce maka ya haƙo a Surame ko a wani kufai, to ko da gaskiya ya faɗa, ka ƙara nisa da shi. Surame wurin tarihi ne da gwamnati ta kare, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi barkatai da fitar da su waje ba izini. Abin da aka tono a ɓoye an raba shi da shaidarsa, ba a san zurfin da ya fito ba balle abin da ke kusa da shi. In son ganin kayan Kabawa na gaske ne ya dame ka, ga gidan tarihi na Kanta nan a Argungu, tsohuwar fada ce da aka mayar gidan tarihi a 1958. In ka je Abuja kuma ka nemi gidan tarihin kuɗi na Babban Banki, ka cika idonka da na ƙwarai. Idon da ya saba da na ƙwarai shi ke jin ƙaiƙayi in ya ga na banza, tun kafin mai shi ya san dalili.

Saura abu guda: in jabu ya riga ya shigo hannunka fa? Shaiɗan zai raɗa maka cewa yadda aka yi maka kai ma ka yi wa na gaba. Imamu Gazali, a babin neman halali na Ihya'u, ya ɗauki shigar da dirhamin jabu cikin kasuwa zalunci ne mai tafiya, alhakinsa na bin wanda ya fara sakinsa muddin yana yawo daga hannu zuwa hannu, ko da shi yana kabari, har ya ba da shawarar a jefa shi rijiya. Kai mai tarawa kana da wata mafita. Tsohon jabu shi ma tarihi ne. Bayan an koma sulen tagulla a 1920 masu zubi sun samu abin yi, musamman a kudu wajen Ijabu, har abin ya ishi Turawa, a 1938 suka sake ƙarfen, suka kuma tsaga rami a tsakiyar bakin sule da fataka da ɗige-ɗige a ciki, don yumɓu ya kasa kwaikwaya. Sulen zubi na wancan zamani, wanda wataƙila an taɓa ƙin karɓarsa wurin biyan haraji, ya cancanci wuri a tarinka, kusa da na gasken da ya kwaikwaya, don ka riƙa koya wa idonka da na ƙannenka. Amma ka ware masa takarda ka rubuta "jabu" da manyan haruffa. Ka kuma buɗe littafi: kowane kuɗi da shekararsa, nauyinsa, inda ka saya, nawa ka biya, da abin da kake shakka a kansa. Magada ba su san sikeli ba, in ba ka rubuta ba za su kai gwangwanin kasuwa gaba ɗaya, su sayar da darma da sunan azurfa suna rantsuwa cewa na babansu ne.